Durowar Marasa Suna ta Orval Renshaw

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka ga Orval Renshaw ya ɓullo ta kwanar gidan waya da jakar abincinsa a hammata. Ba ya shiga laburaren garinmu na Merriton ta ƙofar gaba inda aka jera furanni. Ta gefe yake bi, ya sauka matakala goma sha shida zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Zai fara zubar da ruwan da injin tsotse laima ya tara a bokiti, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin karɓar haihuwa, ya fiƙe fensir. Biro ba ya sauka ɗakin nan, ko na wane ne. Sannan ya rungumo ɗaya daga cikin manyan kundayen tsohuwar jaridar garin, Kakakin Kwari, ya kwantar da shi a tebur, ya buɗe daidai inda ya tsaya jiya.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan. Juma'ar da ta wuce ya hau matakalar hawan ƙarshe, yana laluben bango, don idon ya kusa tafiya duka. An yanka masa kek na bankwana a sama. Mutum tara suka zo, biyu a ciki kek ɗin ne ya kawo su.

Ni Delfina Gurule ce ke rubuta wannan. Shekarata saba'in da takwas. A aji uku aka cire ni daga makaranta aka kai ni tsintar dankali, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya dame ni. Ban iya yabo ba, faɗa na iya, kuma duk ofisoshin gundumar nan sun san muryata. Amma in na yi shiru a kan mutumin nan, na zama ɗaya da waɗanda suka ci kek suka goge baki.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi mai sauƙin faɗi ne. Ya karanta tsohuwar jarida, duk sunan da ya gani ya rubuta a kati, da rana da shafi, ya jera a durowa, don wanda ya zo neman kakansa ya same shi. To amma tun yana sabon shiga ya lura da wani abu. In saniyar ɗaya daga cikin baƙin da suka zo daga gabas ta ɓata, jarida za ta kawo sunan mai ita, wani lokacin har da sunan saniyar. In kuwa namu ne, mu masu jinin Meziko da na Indiyawan asalin ƙasar, da muka riga su zama a kudancin Kolorado, sai dai a ce “wani ɗan Meziko ya faɗa rijiya”, ko “an ga wasu Indiyawa uku a bakin kogi”. Babu suna, to a wace durowa za a sa su? Ba wanda ya ce ya damu. Shi ya ware durowar ƙasa, ya riƙa yi musu kati su ma: rana, shafi, wuri, abin da ya faru. A saman kowane kati ya ja layi ya bar shi fili, ko wata rana wani zai zo da sunan. Kati dubu ɗaya da ɗari tara da 'yan kai ne a ciki. Waɗanda aka cike ba su kai ɗari biyu ba.

Ga abin da ya kai ni wurinsa. Mil shida a yammacin gari akwai fegin da muke kira La Placita. Ƙauyen kakanninmu ne, kafin a tashe su a kewaye shi da waya a zuba shanu. Kowace shekara, ranar tunawa da matattu, mahaifiyata takan kai mu bakin wayar, kowa ya ɗora dutse ɗaya a gindin turke, mu yi addu'a muna kallon ciyawa, don ba a barinmu mu shiga. Ta ce kakarta Tomasa Atencio, ungozomar ƙauyen, tana kwance a can tare da sauran. Da za ta rasu ba ta yi mini maganar gida ko gona ba. Cewa ta yi, “Delfina, kada ki bari a taɓa su.”

Shekara biyu da suka wuce aka sayar da fegin ga wani kamfanin haƙar tsakuwa. Na je majalisar gunduma na ce akwai maƙabarta a wurin. Suka ce ina takarda? Na je coci, fada ya ce littafin mamata na wancan zamanin ya ƙone tun kafin a haife shi. Na koma majalisa na ce ga tulin duwatsunmu a gindin turke. Lauyan kamfanin, wani mai haƙora farare kamar ba ya cin abinci da su, ya ce, “Uwargida, dutse dai dutse ne. Ki je dandali ki karanta allon tagulla.” Na san abin da ke jikin allon, tun ina yarinya aka karanta mini: “Sun tarar da ƙasa ba kowa, suka raya ta.” Wata akawu da ta gaji da ni ta ce in gwada ƙasan laburare. Don ta rabu da ni ta faɗa, Allah ya saka mata duk da haka.

Na sauka na tarar da dogon mutum siriri ya duƙufa a kan takarda da gilashin ƙara girman rubutu.

Na ce, “Kai ne gafiyar da ke gadin tsummokaran nan?”

Ya ɗago ya amsa da sunan girmamawar da mutanenmu ke kiran dattijuwa da shi, ya ce, “Ni ne, Doña. Ga famfo can, a wanke hannu tukuna.”

“Hannuna ya fi abin da ke cikin takardun nan tsabta.”

“Wannan ba musu. Sai dai su ba sa jure maiƙo, ke kuwa daga nan ina jin ƙamshin abin da kika soya da safe.”

Na wanke. Shi ne mutum na farko a gidan gwamnati da ya jawo mini kujera kafin ya tambaye ni abin da nake so.

Ƙananan baƙaƙen ba sa karantuwa gare ni, shi ya sa ya riƙa karanta mini da baki, Talata da Alhamis. Muka fara daga shekarun da ake ta hanƙoron a ƙwace kwarin. Jama'a, na sha zagi a rayuwata, a gona da kanti da asibiti, amma ban taɓa jin zagin da aka zauna aka jera masa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya ba sai a ɗakin nan. Rana ta uku yana cikin karatu na ji muryarsa ta yi tsalle.

Na ce, “Ka tsallake wani abu.”

“Kalmar ba ta da kyau, Doña.”

“Na ce maka kyau na zo nema? Koma baya.”

Ya koma. An rubuta cewa mutanen La Placita kaska ne a jikin ƙasa mai albarka, kuma duk mutumin kirki a kwarin ya yarda lokacin cire su ya yi.

Na ce, “Duk mutumin kirki. An tambayi Tomasa? Wane la'ananne ne ya rubuta wannan?”

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, “Mai jaridar. Josiah Renshaw. Kakan mahaifina ne.”

Na ɗauki jakata na hau sama. Mako guda ban koma ba. Da na koma, don ba ni da wata ƙofar, na tarar da kujerata a inda na bar ta da kundin a buɗe a shafin. Bai ba ni haƙuri ba, da ya bayar da na zage shi. Cewa ya yi, “Daga yau ba zan ƙara tsallake ko ɗigo ba.” Bai ƙara ba kuwa. Ranar Alhamis na kawo masa tortiya, gurasarmu ta masara, da miyar koren barkono, don na gaji da ganin katon mutum yana cin busasshen burodi da cuku. Ya ci yana hawaye yana gumi yana cewa da daɗi. Na ce, “Maƙaryaci. Ashe dai kun gaji abin.” Ranar ce na fara jin dariyarsa.

A gabana wasu ɗaliban jami'a biyu suka sauko, suna rubutu a kan abin da jama'a suke tunani lokacin da ake mamaye ƙasashen yamma. Suka kwafi manyan kanun labarai, suka ce sun samu ra'ayin gari. Orval ya ce, “Kun samu ra'ayin mai injin bugawa, da na masu ba shi talla. Waɗanda aka kora ba su da inji. Waɗanda ba su yarda ba kuma, in an buga maganarsu, a ƙasan shafi za ku gan ta, tsakanin maganin tarin doki da cigiyar akuya. Ku fara karatu daga ƙasa.” Ɗaya ta zauna har yamma. Ɗayan ya ce komai yana cikin kwamfuta, ya tafi.

Wata biyu ba mu samu kalma ɗaya a kan kabari ba, ga katafilolin kamfani har an fara saukewa a bakin fegi. Sai ya ce bari mu bi durowar ƙasa, ya karanto mini katunan yammacin gari ɗaya ɗaya, ko wani zai yi mini kama da labarin gida. Can ya karanta: “Fabrairu 1884. An haifi ɗa namiji a gidan Lindqvist cikin guguwar ƙanƙara. Wata 'yar Meziko ce ta karɓi haihuwar.”

Na dafa tebur. A kan kabad ɗina akwai wani shuɗin kofi mai ɓantararren baki da ba a shan komai a cikinsa. Mahaifiyata ta ce wata 'yar Suwidin ce ta bai wa Tomasa, daren da ta ratsa ƙanƙara ta ceci ɗanta. Lindqvist kuwa sunan 'yan Suwidin ne.

Ya jawo katunan Lindqvist. Na ƙarshe na 1887 ne, inda jarida ta ce Misis Marta Lindqvist, “wadda ta yi mana wa'azi bara a kan gicciyen 'yan Meziko”, ta sayar da gonarta ta bar gari. Wato wa'azin yana cikin kundin 1886. Ya kai ni lungu ya nuna mini shi. Tun wata ambaliya kafin zuwansa shafukan suka manne, kundin ya zama kamar bulo. Masu ɗaukar hoton jaridu su zuba a kwamfuta sun ɗaga shi sun ajiye, sun ce ba ya buɗuwa.

Abin da ban sani ba sai daga baya, likita ya riga ya gaya masa jijiyar idonsa tana lalacewa, ya daina aikin ƙura ido in yana son ya ga hanya a tsufansa. Bai gaya mini ba. Ya samo takarda mai shan ruwa, ya ɗan jiƙa, ya shimfiɗa, ya jira, ya zura wata siririyar wuƙar ƙashi, ya ɗaga shafi kaɗan kaɗan, hancinsa kusan a kan takardar. Wata rana shafi biyu, wata rana rabi. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina masifa. Na ce masa kunkuru ya fi shi sauri. Na ce ko da gangan yake yi don ya rufa wa kakansa asiri. Na faɗi wannan, Orval, kuma ka ji. Yau a gaban kowa nake janye shi. Mako goma sha ɗaya ka yi kana ba ni abin da ya rage na idonka, ina zaginka.

A shafin wata Alhamis ta watan Mayu, can ƙasa, gefen tallan maganin doki, wasiƙar Marta ta fito. Layi tara ce. Ta ce matar da ta karɓi ɗanta tana kwance a La Placita tun bara, kuma wanda ya sa garma a kan matattu ba zai ga albarkar alkamar ba. A ƙarƙashinta Josiah ya ba ta amsa, yana ba'a: in Misis Lindqvist tana ƙaunar gicciyen itace arba'in da bakwai da ke ƙasa da lanƙwasar magudanar ban-ruwa, tsakanin manyan bishiyoyi biyu, ta zo ta kwashe ta dasa a lambunta, don garma za ta shiga ranar Litinin.

Arba'in da bakwai. Josiah ya ƙirga su da kansa don ya yi dariya da su. Kututturan bishiyoyin suna nan har gobe.

Ranar zaman majalisa Orval ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya turo kundin a kan keken ɗaukar littattafai tun daga laburare. Zauren ya cika. Ya karanta wasiƙar, ya karanta amsar, rabi da gilashi rabi da ka.

Lauya ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, jarida ba shaida ba ce. Ra'ayi ne kawai.”

Orval ya ce, “Ra'ayi ne, mummuna kuwa. Amma mutum ba ya yi wa kabarin da babu shi ba'a, balle ya faɗi yawansu da inda suke.”

Shugaban majalisa ya ce, “Wa ya rubuta amsar, Mista Renshaw?”

“Hotonsa ne a bayanka, ranka ya daɗe.”

Kowa ya ɗaga kai ya dubi mai gemun nan da aka rataye a matsayin uban gari. Ƙanwar Orval, Doris, ta tashi daga layi na biyu, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ka sayar da jininka a kan miyar barkono.” Ta fita. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma har yau ba ta ɗaga wayarsa ba. Ranar kek ma ba ta zo ba.

Majalisa ta tsayar da haƙa, ta sa aka kawo na'urar da ke leƙa cikin ƙasa. Kada kowa ya tafa tukuna. Kabari talatin da ɗaya aka samu. Gefen gabas, inda sauran sha shidan suke, katafila ta riga ta cinye shi tun makonnin da muke fama da manannen kundi, tifa ta kwashe. An zuba tsakuwar a gyaran hanyar da ta nufi filin ƙwallo. Kuna bi ta kansu kullum, ni kam in zan je kanti sai na zagaya. Ban san ko Tomasa tana cikin shinge ko tana cikin titi ba, kuma ba mai iya gaya mini. Alkawarin da na yi wa mahaifiyata, kashi biyu cikin uku na cika.

Da na gaya wa Orval, ya ce, “Da na fara buɗe kundin nan shekara ashirin da suka wuce.” Na ce, “Rufe mini baki. Gari guda ya yi shekara ɗari yana kwance a kan maganar, kai kaɗai za ka ɗauki laifin?”

Kai ne allurar da ta tono garma, Orval. Kai ne wanda aka ba gadin takarda ya yi gadin mutane. Da ka ce kundin ba ya buɗuwa, ba wanda zai tuhume ka, don masu manyan injuna ma haka suka ce. Da ka tsira da idonka da ƙanwarka da mutuncin kakanka. Ba na jin kana sona ma sosai, ban ba ka dalili ba. Amma ka karanta abin da aka rubuta yadda aka rubuta shi, a gaban waɗanda ba sa son ji. A bana, karo na farko tun kafin a haifi mahaifiyata, mun shiga ta ƙofa mun ajiye duwatsunmu a kan ƙasar kanta. Na gode. Ban saba faɗin kalmar ba, ka riƙe ta da kyau.

Ku kuma masu karatu, ban gama da ku ba. Allon tagullan nan yana dandali yana ci gaba da ƙarya, kuma zan riƙa zuwa majalisa kowane wata har a sauke shi ko a sauke ni a rami. Na kuma ji ana shirin mayar da ɗakin ƙasa wurin kwamfutoci, a fitar da durowoyin a matsayin tarkace. To ku gaya mini, wanda ba a rubuta sunansa ba, me za ka buga a kwamfuta ka nemo shi? Duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, ya ɗauko shi ya kawo laburare tun yana iya tuna wanda ya faɗa rijiya da wadda aka gani a bakin kogi. Matakala goma sha shida ce kawai. Ni da ciwon gwiwa na sauka a kanta fiye da sau ɗari. Masu aikin ofis kuma, in wata tsohuwa mai baƙin baki ta shigo muku ba takarda, ku jawo mata kujera tukuna.

Ranar Juma'ar, bayan an watse daga cin kek, ya ce in raka shi ƙasa ya ɗauko jakarsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo durowar ƙasa, ya bi katunan da yatsa har ya kai wanda ya lanƙwasa wa kunne. Ya miƙo mini shi da fensir.

Na ce, “Ashe ba ka cike shi ba tun tuni?”

Ya ce, “Ba ni ya kamata in cike ba. Yanzu kuma ko na so, ba na ganin layin.”

Na zauna a kujerata. Na daɗe, don hannuna ya saba da dankali fiye da fensir, kuma baƙaƙen sun fito a karkace, ɗaya na hawa kan ɗaya. Na miƙa masa. Ya kai katin dab da fuskarsa, ya juya shi wajen fitila, ya dawo mini da shi.

Ya ce, “Karanta mini, Doña. Kada ki tsallake komai.”

Na karanta masa: “Tomasa Atencio. Fabrairu 1884. An haifi ɗa namiji a gidan Lindqvist cikin guguwar ƙanƙara.”

Ya karɓa, ya lalubi durowar sama, ta masu suna, ya sa shi a can gaba, cikin masu harafin A.